Ƙeyar Armiya'u

Zaharaddeen ya sake jan hoton baya, ya tsayar da shi, ya kai fuskarsa dab da gilashin kwamfutar. Ƙeya ce dai. Ƙeyar yayansa Armiya'u, da koɗaɗɗiyar hula, gumi yana gangarawa cikin wuyan riga. Ya matsa gaba, sai ga hannu riƙe da kan babur. Ya ƙara matsawa, ƙafa cikin silifa tana taka giya.

Shagon cajin yana bayan tashar Kaura, kuma janaretan da ke bakin ƙofa ba ya barin mutum ya ji ko tarin kansa. Mai shagon ya daɗe yana leƙensa ta gefen ido, har ya kasa daurewa.

"Ɗan fim, tun hantsi kaka kallon ƙeyar mutum guda. Aski za ka koya?"

"Yayana na," in ji Zaharaddeen.

"Wane? Ba dai wanda anka tare hanyar Shinkahi ba?"

"Shi na."

Mai shagon ya sauke ƙafarsa daga kan benci. "Allah shi jiƙan shi. Yi mini aikin gahwara, ban sani ba." Ya jawo masa kujerar roba mai ɗan dama.

Inna Zuwaira ce ta jefa shi cikin wannan hali tun da safe. Zaman makoki ya watse, dangin da suka zo daga Zurmi sun koma, an naɗe tabarmin aro an mayar masallaci. Yana cikin haɗa jaka, don washegari zai koma jami'a, sai ta zo ta tsaya bakin ƙofa da faifai a hannu tana tsince gero, idonta a kan geron.

"Auta, abin ga naka da kaka ɗaukar mutane."

"Na'am, Inna."

"An ce wani hutu ka bi wancan da shi har Kasuwar Daji."

Wancan shi ne Armiya'u. Shi ne ɗanta na fari, kuma Inna irin matan zamanin da ce, waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Tun da ta haife shi ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ana yaye shi ta miƙa wa kakarsa. Da ya girma, in ya shigo gaishe ta, sai ta sami wani abu a ƙasa ta ƙura wa ido, ta amsa a taƙaice kamar mai amsa wa baƙo. In ya kawo cefane ta ce a ajiye can. In ya yi zazzaɓi, maƙwabciya take aikawa da kunu, ta ce a ce daga maƙwabta yake. Kowa a gidan ya san tana son sa har cikin ƙashinta, amma ba wanda ya taɓa kama ta tana kallon sa.

"Ɗiyar ga tai Hamida ta yi ƙanƙanta," in ji Inna, tana ta juya faifan. "Ba ta riƙe kamatai ba. In huskatai na ciki, ka gwada mata kahin ka tahi."

Hamida kuwa ko yaye ta ba a yi ba. Zaharaddeen ya gane wadda ke son gani, ita ma ta san ya gane. Ya ce to, da bakinsa, da sauri, don bai taɓa jin Inna ta roƙi wani abu da ya shafi wancan ba. Sai da ta juya ta tafi gabansa ya faɗi.

Ba wanda ya ga gawar Armiya'u a cikinsu. 'Yan bindiga sun tare hanya da rana tsaka, suka harbe shi da fasinjan da ya ɗauko, suka tafi da babur da waya da duk abin da ke aljihunsa. Mutanen ƙauyen da ke kusa ne suka yi musu sutura, don hanya ba ta biyuwa kuma gawa ba ta jira. Labari ya iso Kaura an riga an rufe su. Hoton aurensa guda ɗaya da ke rataye a bango ya ƙone tare da gidansu na ƙauye, a daminar da aka kore su suka dawo gari zaman haya.

Kafin ya fito sai da ya tsaya bayan labulen ɗakin Lubabatu, matar marigayin, wadda ke cikin takaba. Ya tambaye ta ko tana da hotonsa a waya.

"Wayata ba ta ɗaukar hoto, Malam Zaharaddini," ta ce daga ciki. "Ni ma na so in tambaye ka, kunya ta hana. Na ce kai da kaka karatun abin, ba ka rasawa."

Wannan kalma ita ta raka shi har shagon caji. Kai da kake karatun abin.

Lokacin da ya sami gurbin karatun fim a jami'a, majalisar ƙofar gidansu ta yi mako tana cin namansa. Wani ya ce yaro zai tafi birni koyon rawa da 'yan mata. Wani ya ce shi bai taɓa jin an yi digiri a kallo ba, in haka ne shi ma furofesa ne, don ba gidan kallon da bai sani ba a Kaura. Armiya'u kaɗai ya tsaya masa. Ya ce ko kiɗan ƙwarya Auta ya ce zai karanta, shi zai kai shi tasha. Ya kuwa kai shi, da akwati ɗaure a bayan babur, kuma da kabu-kabun nan ya riƙe shi har yau.

Can ya tarar abin ba rawa ba ne. An zaunar da su cikin ɗaki mai duhu an nuna musu finafinan farko, na zamanin da hoto yake motsi ba magana. An koya musu yadda haske ke sauya fuskar mutum, da yadda mai tace fim zai haɗa hotuna biyu da ba su san juna ba ya sa mai kallo hawaye. Zaharaddeen ya sha karatun nan kamar fura a ranar zafi. In ya zo hutu ba a iya kallon komai da shi, sai ya yi ta cewa an ajiye kyamara a inda bai dace ba.

A shekara ta biyu suka haɗu da wani malami da suke kira Dakta, mai ƙaramin gemu da rataya gyale a wuya ko ana zafin bazara. Daktan nan ya tsani fuska. Ya ce fuska hanyar malalaci ce, kowane mai ɗaukar biki zai iya dasa kyamara a gaban mai kuka ya ce ya yi fim. Mai ilimi shi ne wanda zai nuna maka mutum ta hannunsa, da tafiyarsa, da kayan aikinsa, har ka ji ka san shi. Sai ya ba su aiki: kowa ya je ya ɗauko gajeren fim a kan mutum ɗaya da sana'arsa, kada fuska ta fito ko sau ɗaya.

Zaharaddeen ya aro kyamarar sashensu ya taho gida. Ya hau bayan Armiya'u ranakun kasuwa, daga Kaura zuwa Kasuwar Daji, wani lokaci har Banga. Wahalar da ya sha ba ta hanya ba ce, ta Armiya'u ce. Mutum ne da bakinsa ba ya rufuwa don dariya. Da ya ji an kunna kyamara sai ya waiwayo ya washe haƙora, ko ya gyara hula ya ce a ɗauke shi da kyau, wataƙila a Kano wata ta gani ta yaba. Katin kyamarar kuwa ƙarami ne. Duk ɗaukar da fuska ta shiga, nan take Zaharaddeen yake goge ta a gefen hanya don ya sami wuri, yana mita an ɓata masa lokaci.

Fim ɗin ya zo na ɗaya a ajinsu. An haska shi a babban zaure, Dakta ya miƙe ya ce ɗan Kaura ya fahimci abin da ake nufi da sinima. Ranar kan Zaharaddeen ya kumbura har hula ta so ta ƙi zama.

Yau ga shi zaune da fim ɗin da ya ci maki, da ragowar ɗaukar da bai sa a ciki ba, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Hannu yana ɗaure buhun albasa. Inuwar mutum da babur a kan jar ƙasa. Kafaɗa. Madubin babur ma da zai taimaka, da kansa ya karkatar da shi sama ranar, don kada ya yi masa satar fuska. Ya yi aikin nan da tsafta, ba abin da ya kuɓuce masa. Abu mafi kusa da ya samu wata doguwar ɗauka ce a bakin rumfar hatsi, inda Armiya'u ya fara waiwayowa har kunne da gefen kunci suka fito, sannan ya koma. Ya kalle ta cikin rugugin janareta, ya ware ta gefe.

Ya fita waje inda waya ke ɗan kamawa, ya kira mai kula da ɗakin kayan aiki na sashensu. Ya yi bayani. Mutumin ya yi masa ta'aziyya sosai, sannan ya ce:

"Ai ka san dokar. Duk kyamarar da ta dawo, wanke katin muke kafin mu ba wani. Wannan katin ɗalibai nawa suka ɗauka a kansa bayanka. Ban ma tabbata yana nan ba."

"Ba yadda za a dawo da abin da aka goge?"

"Da a makon ne, wataƙila. Yanzu kam ka yi haƙuri."

Ya tambayi mai gyaran waya na kusa da shagon, ko da wata dabara. Wannan ya juya kwamfutar, ya danna nan ya danna can don kada a ce bai yi komai ba, ya ce abin da bai taɓa shiga cikinta ba, ba mai fito da shi.

Azahar ta yi. Ya yi salla a masallacin tasha, ya rataya jaka ya nufi inda 'yan kabu-kabun layin Shinkafi suke tsayawa a gindin dalbejiya. Ba su da yawa yanzu, hanyar ta rage su. Suka ba shi wuri a kan benci, aka sake sabuwar gaisuwa, kowa ya faɗi alherin marigayi. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, aka shiga laluben aljihu. Yawancinsu ƙananan wayoyi ne masu tocila. Wani dogo mai tsage a kumatu ya ce shi yana da hoton da suka yi ranar Salla, su duka.

Zaharaddeen ya karɓi wayar. Ga su nan a jere cikin sababbin kaya, kowa ya dafa babur ɗinsa. Ya bi fuskokin daga wannan gefe zuwa wancan, ya sake dawowa.

"Ban gane shi ba."

Dogon ya leƙo, ya daɗe yana dubawa, sai ya dafe kai. "Wallahi shi yaɗ ɗauke mu. Ya ce ƙane nai ya gwada mai yadda aka tsayawa a ba rana baya. Shi ad da wayar a hannu."

Wani kuma ya nuna hoton babur ɗin ranar da aka sayo shi, da ledarsa ba a ɓare ba. Hannun Armiya'u ne a kan sirdi, daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Suka yi alkawarin za su cigita, wataƙila wani a Shinkafi yana da shi. Zaharaddeen ya yi godiya. Ya san irin alkawarin da ake yi wa mai makoki ne don ya iya tashi ya tafi.

A hanyar gida ya yi ta saƙa da warwara. Ya ce zai ce kwamfutar ta lalace. Ya ce zai ce fim ɗin yana makaranta, sai wani hutun. Amma ya san Inna. Ba za ta sake tambaya ba har abada, za ta dai riƙa kallon jakarsa duk ranar da ya dawo. Ga baƙin ciki, ga haushin kansa, ga haushin Dakta da gyalensa, alhali ya san Dakta bai aike shi ya zaɓi yayansa ba. Ya tsaya a bakin wani kwalbati ya rasa abin da zai yi da hannayensa, sannan ya ci gaba da tafiya.

Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, ya ɗora kwamfutar a kan turmin da aka kifa. Lubabatu ta fito cikin hijabi da Hamida a kafaɗa, ta zauna daga gefe. Inna ta ce ita tana da aiki, su dai su kalla. Ta ɗauko ƙwaryar kuɓewa da wuƙa, ta zauna a kujerar tsugunne nesa kaɗan, a inda gilashin yake fuskantar ta sosai.

Ya kunna fim ɗin. Ƙarar babur ta cika tsakar gidan, Hamida ta ɗago kai tana waige-waige. Ƙeya, da hanya tana tahowa. Hannu yana karɓar kaya. Ƙafa tana tokare ƙasa a cikin yashi. Lubabatu ta sa gefen hijabi ta toshe baki. Wuƙar Inna ta tsaya a cikin kuɓewa, ba ta ƙara motsi ba har sunan Zaharaddeen ya fito da manyan haruffa a ƙarshe.

"Ya ƙare?" in ji Inna.

"Ya ƙare, Inna."

"Ba ya juyowa?"

Zaharaddeen ya buɗe baki zai yi bayanin aikin da aka ba su, da dalilin da ya sa aka hana fuska. A zauren jami'a ya yi wannan bayani har aka tafa masa. Nan ya nemi kalma ɗaya da za ta shiga kunnen tsohuwar nan ya rasa.

"Haka malamin yac ce a yi," ya ce. "Amma akwai wani guntu da ban sa ba. Ya ɗan juyo kaɗan."

Inna ta ajiye ƙwaryar a ƙasa. Ta jawo kujerarta har bakin tabarma, abin da Zaharaddeen bai yi zato ba.

Ya buɗe guntun. Armiya'u ne tsaye a bakin rumfar hatsi, ya ba da baya, yana jan igiya a kan buhu. A shagon caji ba abin da Zaharaddeen ya ji sai janareta. Nan gidan shiru ne, sai ga hayaniyar kasuwa ta fito tar, sai ga muryar marigayin a kanta, garau, da dariyar nan a ciki.

"Auta, wai har yanzu ba ka gama ba? Tsaya in juyo in gaida tsohuwa, ka kai mata ta gani. Cikin akwatin ga dai ba ta da inda za ta kauda kai."

Kafaɗar ta fara juyowa. Kunne ya fito, gefen kunci ya biyo. Sai wata murya ta faɗo daga bayan kyamara, kusa, da ƙarfi, cike da ƙosawa.

"Yaya, don Allah kar ka juyo. Za ka sake ɓata mini ɗauka."

"To, Malam," in ji Armiya'u. Kafaɗunsa suka girgiza da dariya, ya koma kan igiyarsa.

Hoton ya tsaya. Lubabatu ta miƙe da 'yarta ta shige ɗaki, labule ya faɗo a bayanta. Zaharaddeen ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya sunkuyar da kai yana jiran Inna ta yi magana, ko ta yi kuka, ko ta tashi. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ana kashe maganar abin ga?" ta tambaya can.

"Ana kashewa."

"To kashe taka, ka sake sa shi."

"Inna, tare suke. In na kashe tawa, har tashi za ta tahi."

Ta dubi ƙeyar da ke tsaye a gilashin.

"Kashe," ta ce.

Ya kashe sautin, ya mai da guntun farko. Armiya'u yana jan igiya, ba kasuwa, ba murya. Kafaɗar ta fara juyowa, kunne ya fito, gefen kunci ya biyo. Inna ta dafa gwiwa ta karkata kai gefe, tana leƙen bayan gilashin ta wajen da fuskar ta nufa. Armiya'u ya tsaya, kafaɗunsa suka girgiza, ya koma kan igiya.

"Sake," in ji Inna.

Zaharaddeen ya mai da shi baya, ya sake sawa.